Shin Dokar Hanya Tana Tsayawa A Bakin Ƙofa?

Gabatarwa

Akwai wata magana da direbobi kan kare kansu da ita idan tsautsayi ya afka musu a cikin harabar wani gida, ko makaranta, ko asibiti, ko gidan mai, ko filin ajiye motoci na wani babban kanti. Da zarar jama'a sun taru ana cacar baki, sai ka ji direban ya ce, "Ai nan ba titin gwamnati ba ne." Abin da yake nufi shi ne, jami'in hanya ba shi da hurumi a wannan wuri, babu mai rubuta masa takardar tara, babu mai karɓe masa lasin, saboda haka magana ta ƙare. Sau da yawa kuwa maganar takan ƙare ɗin, musamman idan wanda aka buge ba shi da gata.

Abin da nake so mu duba a wannan maƙala shi ne, shin direban nan gaskiya ya faɗa? Shin dokar hanya da tarar da ke biye da ita suna rako mutum ne har bakin ƙofa su juya, ko kuwa suna shiga tare da shi? A zahiri tambaya ce ta lauyoyi, amma a ƙarƙashinta akwai wata da ta shafi kowa: idan idon hukuma ya ɗauke daga kan mutum, me ya rage a wuyansa?

Yadda Wasu Ƙasashe Suka Yi Da Tambayar

Ba a kanmu aka fara wannan muhawara ba. Ƙasashen da suka riga mu cika da motoci sun daɗe suna kai-kawo a kanta a gaban alƙalai. A Amurka kowace jiha da dokarta ta hanya, amma a jihohi da yawa ɗan sanda ba ya rubuta tara ga wanda ya ƙi tsayawa a alamar tsayawa da ke cikin filin ajiye motoci na kanti, domin mai kantin ne ya kafa alamar. Sai dai akwai laifuffukan da ba a yi wa wannan sassauci ba. A jihar Kalifoniya, alal misali, dokar tuƙi cikin maye da dokar buge mutum a gudu an tsara su ne yadda za su yi aiki a kan titi da kuma ko'ina a faɗin jihar.

A Birtaniya kuwa, dokar hanya ta 1988 ta tilasta inshora ga duk wanda zai sa mota a kan hanya. A shekarar 1998 kotun ƙolin ƙasar ta wancan zamani ta saurari ƙararraki biyu na mutanen da suka ji rauni a filayen ajiye motoci, ta yanke cewa filin ajiye motoci ba hanya ba ne. Ma'ana, dokar ba ta tilasta wa masu inshora su biya su ba. Raunin da suka ji na gaske ne, amma kalma ɗaya ta raba su da haƙƙinsu. Ganin haka, a shekarar 2000 gwamnati ta gyara dokar, ta haɗa da duk wani wurin da jama'a ke shiga.

Shari'ar da ta fi yin ƙaurin suna ita ce ta wani mutum mai suna Vnuk a ƙasar Sulobeniya. A watan Agusta na 2007 yana kan tsani a harabar wani gidan gona, ana loda dammunan ciyawa a saman rumbu, sai wata tarakta mai jan tirela ta yi baya ta bugi tsanin, ya faɗo ya ji rauni. Ya nemi diyya wajen kamfanin da ya yi wa taraktar inshora, kamfanin ya ƙi. Kotuna biyu na ƙasarsa suka goyi bayan kamfanin, bisa hujjar cewa inshorar ta zirga-zirgar hanya ce, wannan kuwa aikin gona ake yi a cikin gida. Da maganar ta isa Kotun Tarayyar Turai, a watan Satumba na 2014 ta yanke cewa inshorar dole ta shafi duk wani amfani da aka yi da abin hawa wanda ya dace da aikin da aka ƙera shi dominsa, a kan titi ne ko a tsakar gida. Shekara bakwai ke nan tsakanin faɗowar mutum daga tsani da amsar tambayar ko inda ya faɗo yana da muhimmanci.

Doka Iri Biyu

Idan mai karatu ya lura da waɗannan misalai, zai ga cewa abin da muke kira dokar hanya abu biyu ne aka ɗaure da igiya ɗaya. Na farko shi ne dokar tsari: ta wane hannu za a bi, wa zai fara wucewa a mararraba, me jar danja ke nufi, ina aka hana tsayawa. Irin wannan doka yarjejeniya ce tsakanin baƙin juna da suka haɗu a hanya ɗaya, kuma ana iya sauya ta. Ranar 2 ga Afrilu 1972 Nijeriya ta bar tuƙi ta hannun hagu ta koma dama, domin ta daidaita da maƙwabtanta irin su Nijar da Kamaru da Chadi. Ghana ta bi sahu a 1974. Wanda ya bi hagu a Kano ranar 1 ga watan nan mai bin doka ne, amma da ya yi haka washegari ya zama mai laifi. Hagu ba ta yi wani zunubi cikin dare ba, shawara ce kawai ta sauya.

Na biyu shi ne dokar kariya: kada ka take mutum, kada ka tuƙa alhali ba ka cikin hayyacinka, idan ka buge wani kada ka gudu ka bar shi. Wannan ba ta sauya a 1972 ba, kuma babu wata majalisa da za ta zauna ta sauya ta. Ta girmi mota, ta girmi kwalta. Dokar hanya aro ta yi daga gare ta.

To, a nan ne direbanmu ya faɗi rabin gaskiya. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988 da Wole Soyinka a matsayin shugabanta na farko, an ɗora mata tsaron hanyoyin jama'a ne. Ba aikinta ba ne ta shiga garejin mutum ta auna yadda ya ajiye motarsa. Amma dokar hukunta laifuffuka da jihohin Arewa ke aiki da ita ta ɗauki jawo mutuwar wani ta hanyar ganganci ko sakaci a matsayin laifi, kuma ba ta tambayar wa ya mallaki filin da abin ya faru. Haka kuma wanda aka ji wa rauni yana da damar ya kai ƙara ya nemi diyya.

Akwai wani bambanci kuma da ya kamata a kula da shi. Tara bashi ce da hukuma ke bin direba, kuma baitulmali take shiga. Wanda aka karya wa ƙafa ko kwabo ba ya samu daga cikinta. Diyya kuwa bashi ce da mutum ke bin mutum. Saboda haka duk lokacin da direba ya ce nan ba a rubuta tara, iyakacin abin da ya gaya mana shi ne gwamnati ba ta bin sa. Bai ce komai ba game da wanda ke kwance a ƙasa.

Hujjar Masu Cewa A Bar Gida Da Alfarmarsa

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren, domin hujjarsu ba ta banza ba ce. Bahaushe ya gina zaure ne domin baƙo ya san iyakarsa, kuma sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa. Duk wanda ya san irin wahalar da ake sha a shingayen hanya ba zai yi fatan a ba jami'i izinin ɗauko littafin tararsa ya tsallako katanga ba. Manomin da ke koya wa ɗansa tarakta a tsakiyar gonarsa, babu kowa kusa, wa ya cuta? Idan hukuma ta ce sai ta sa ido a kan kowane taku na mutum a cikin mallakarsa, to an yi maganin ƙaramar cuta da babba.

Akwai kuma hujjar kuɗi. Bayan hukuncin Vnuk an yi ta ƙorafi a Turai cewa, idan aka bi shi sau da ƙafa, har injin yankan ciyawa da ake hawa da motocin tsere sai an yi musu inshorar dole. Gwamnatin Birtaniya ta ƙiyasta cewa hakan zai ƙara wa kowane mai mota kimanin fam 50 a shekara, kuma bayan ficewarta daga Tarayyar Turai ta yi doka a 2022 ta cire hukuncin daga dokokinta. Ita kanta Tarayyar ta rage masa faɗi a 2021.

Ni ma na yarda takardar tara ta tsaya a ƙofar gida na gaskiya. Amma da sharuɗɗa biyu. Na farko, yawancin wuraren da ake fakewa da su ba gidaje ba ne. Gidan mai, da harabar asibiti, da makarantar kuɗi, da babban kanti, da rukunin gidaje mai ɗaruruwan iyalai, duk mallakar wasu ne, amma masu su ne suka buɗe ƙofa suka gayyato jama'a domin su ci riba. Wanda ya tara baƙin juna a filinsa, motoci da masu tafiya a ƙafa suna cakuɗe, ya gina hanya ko da bai kira ta hanya ba. Ba daidai ba ne ya zama na jama'a lokacin ciniki, ya koma na gida lokacin haɗari. Na biyu, idan aka ce inshora ta yi tsada aka soke ta, asarar ba ta ɓacewa. Ana sauke ta ne daga kan mutum dubu da za su ɗauke ta ba su ji ba, a ɗora wa mutum ɗaya, wato wanda ya faɗo daga tsani.

Rijiya Da Doki

Malaman fiƙihu sun tattauna wannan mas'ala tun kafin a yi mafarkin mota, kuma yadda suka rarrabe ta abin koyo ne. Sun bambanta tsakanin wanda ya haƙa rijiya a cikin filinsa domin buƙatarsa, da wanda ya haƙa ta a tsakiyar hanyar jama'a ba bisa izini ba. Idan wani ya faɗa ta farko, babu ramuwa a kan mai ita. Idan ya faɗa ta biyu, mai haƙa zai ɗauki nauyi. A nan wuri yana da tasiri a hukunci, kuma mai gida yana da sassauci.

Amma da aka zo kan dabbar hawa sai lissafi ya sauya. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaidin Alƙairawani, littafin da aka shafe ƙarnoni ana karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, an ɗora lamunin abin da dabba ta take a kan mahayinta, ko mai jan ta, ko mai kora ta. Hukuncin yana bin hannun da ke riƙe da linzami, ba a rataya shi a kan wurin da dabbar ta taka ba. Haka nan aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, wadda ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, ba ta ware wanda ya faru a cikin gida ba.

Mene ne hikimar wannan bambanci? Rijiya a zaune take, mutum ne ke zuwa wurinta, shi ya sa ake cewa bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Doki kuwa shi ke zuwa wurin mutum, kuma wani ne ya nufa da shi can. To, mota rijiya ce ko doki? Amsa a fili take. Direban da ya ce filinsa ne yana neman a yi masa hukuncin mai rijiya, alhali shi mahayi ne.

Waɗanda Abin Ke Faɗa Wa

Yanzu bari mu tambaya, su wa ake bugewa a bayan katanga? A Amurka, hukumar kula da lafiyar hanyoyi ta ƙiyasta a 2014 cewa motoci masu yin baya suna kashe kimanin mutum 210 a shekara, suna raunata kimanin 15,000, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na masu mutuwar yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Da yawa daga cikin waɗannan a ƙofar gida ko a filin ajiye motoci suke faruwa, kuma sau da yawa wanda ke riƙe da sitiyari uba ne ko uwa ko wani ɗan'uwa. Babu tarar da za ta yi maganin wannan, kuma babu wanda zai so a kai wa uban da ya take ɗansa takardar tara. Abin da suka yi shi ne suka juya kan masu ƙera motoci. Daga watan Mayu na 2018 ya zama dole kowace sabuwar ƙaramar mota da za a sayar a ƙasar ta zo da kyamarar ganin baya. Wato kariyar ta shiga har cikin gida ba tare da jami'i ya taka zaure ba.

A wurinmu jerin waɗanda abin ke faɗa wa sananne ne ga kowa: yaron da ya rarrafo bayan mota, maigadin da ke tura ƙyauren get, 'yar aiki mai shara, almajirin da ya zo karɓar abinci, lebura mai sauke siminti, mai sayar da mai a gidan mai. A kan babban titi attajiri da talaka duk suna iya zama wanda aka buge. A cikin gida kuwa kusan kullum mai ƙarfi ne a cikin mota, mai rauni a ƙasa. Saboda haka wurin da doka ta fi janye jikinta shi ne wurin da aka fi buƙatar mai tsaya wa wani.

Abin da kan biyo baya ma mun san shi. Za a kai shi asibiti, a biya kuɗin ɗauri na farko, a tara dattawa, a ce ƙaddara ce, tsautsayi ba ya wuce ranarsa, a nemi ya yafe. Sulhu alheri ne, kuma yafiya halin manya ce. Amma maganar ƙaddara tana da kyau ne a bakin wanda aka cuta, yana rarrashin zuciyarsa da ita. Idan ta fito daga bakin wanda ya miƙa wa ɗansa ɗan shekara goma sha biyu makullin mota ya ce ya ɗan juya ta a tsakar gida, to ta zama mayafi. Yafiya kuma ba ta cika sai mai yin ta yana da ikon ya ƙi. Maigadin da albashinsa da ɗakin kwanansa suke hannun wanda ya buge shi, idan ya ce ya yafe, yafewa ya yi ko kuwa tsoron kora ne ya yi magana?

Hausawa na cewa tsoro na daji, kunya na gida. A kan titi tsoron jami'i ne ke sa mutum ya ɗaura bel ya rage gudu. An ɗauka cewa a gida ba a buƙatar tsoro, domin kunya da sanin ya kamata za su tsare mutum. Wanda ya shigo gida ya ajiye tsoro a bakin ƙofa, sannan bai ɗauki kunya ba, ya nuna cewa tun can ma ba dokar yake bi ba, inifom yake bi. A nan ake gane mai hankali da mai ganin ido, kuma gwajin yana zuwa ne a daidai inda babu mai rubuta komai.

Kammalawa

Amsar tambayarmu ke nan a taƙaice. Dokar tsari da tararta suna iya tsayawa a ƙofar gida, kuma ya dace su tsaya. A wuraren da aka buɗe wa jama'a kuwa, ya kamata masu yin doka su bi misalin gyaran da Birtaniya ta yi a 2000, su lissafa su cikin wuraren da dokar ke aiki. Amma haƙƙin wanda aka cuta ba ya neman izinin maigadi kafin ya shiga. Alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi, kuma kuikuyo bai san bambancin kwalta da tsakar gida ba.

Saura mu, 'yan'uwa marubuta. Haɗarin mota ya zama sandar da muke yawan dogarawa a littattafanmu. Idan labari ya cije, sai mu ɗora tauraro ko kishiya a kan hanyar Kaduna, taya ta fashe, a yi zaman makoki, labari ya ci gaba. Haɗarin yakan zo daga sama, babu mai laifi, babu mai biya. Ina ganin akwai labarin da ya fi wannan nauyi wanda ba mu cika taɓawa ba: Alhajin da ya yi baya da mota ya karya ɗan maigadinsa, babu ɗan sanda, babu shaida sai mutanen gidansa, kuma ya san in ya yi shiru babu mai tayar da maganar. Me zai yi a daren nan? Me matarsa za ta ce masa? Shi maigadin da wane ido zai buɗe masa get gobe da safe? Marubucin da ya iya zama da waɗannan mutane uku har ya ji abin da kowannensu ke ji, zai koya wa masu karatu abin da takardar tara dubu ba za ta koya musu ba. Allah Ya sa mu dace.